Budurwar da ta daina cin abinci, kuma ta raba kan ma'aikatan ɗakinmu

Ma'aikaciyar jinya, Damagaram

Assalamu alaikum, ƴan uwa ma'aikatan lafiya. Ina aiki a wata cibiyar lafiya mai gadajen kwanciya a cikin garin Damagaram, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki game da wata budurwa da aka kwantar mana. Na sauya wasu bayanai domin kada a gane ta.

Shekarunta ba su kai 20 ba, ɗaliba ce a lise, tana shirin jarrabawar BAC. Tsayinta mita 1.62, nauyinta kilo 39, wato ma'aunin nauyi da tsayi bai kai 15 ba, alamar rama mai tsanani. An kawo ta ne bayan ta yanke jiki ta faɗi a makaranta. An yi gwajin tarin fuka, da na ƙanjamau, da na sukari, da na tsutsar ciki, ba a ga komai ba, kuma ba ta da juna biyu, sai dai al'adarta ta ɗauke tun watannin baya. Bugun zuciyarta 48 ne a minti ɗaya a kwance, tafin hannunta kuwa sanyi ƙalau duk da zafin da ake yi.

Mahaifiyarta ta ce abin ya faro ne da azumin Litinin da Alhamis, kowa a gida yana yaba mata, daga nan ya koma kusan kullum, buɗa-bakin kuma shayi ne ba sukari. A ɗakinmu idan aka ba ta tuwo sai ta yi ta gutsuttsura shi tana zagaya miya da shi har ya huce, fura kuma mun tarar tana juye ta a bokitin wanka. Cikin jakarta mun ga ƙullin filasko. Akwai kanta, wato taurin fata, a gaɓoɓin bayan hannunta na dama, kumatunta sun ɗan kumbura ta ƙasan kunne, kuma ranar da na taimaka mata ta sauya zane na ga siraran tabon reza a cinyarta, wasu tsofaffi, wasu sababbi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka koma. Ni takan ce da ni Anti, ta riƙe mini hannu, ta ce ni kaɗai ce ke fahimtarta, amma abokiyar aikina mai kwana, budurwar ta ce muguwa ce, wai ta tsane ta. Yanzu mun rabu biyu: wasu suna cewa shagwaɓa ce da neman suna, a tsawata mata ko a sallame ta, wasu kuma suna bin duk abin da take so. Wani abokin aikinmu ya ce wannan ciwon Turawa ne, ba a yin sa a ƙasar da ake fama da tamowa. Dangi kuma suna son ɗauke ta zuwa wurin malami domin ruƙiyya. Shin cutar ƙin cin abinci ce, ko larurar ɗabi'a, wato daɗaɗɗiyar matsalar hali da mu'amala da mutane, ko duka biyun? Kuma yaya za mu ciyar da ita ba tare da faɗa ba?

Tsohon manjo, Birni

Wa alaikumus salam, ƴata. Maganar ɗabi'a zan bar wa masu ita, ni jikin zan yi magana a kansa, domin shi ne zai iya kashe ta a wannan makon.

Na yi shekaru a cibiyar farfaɗo da yara masu tamowa mai tsanani, wadda muke kira CRENI, a yankin Magariya, kuma duk wanda ya yi aiki a irin wannan wuri ya san dalilin da ya sa ba a fara wa yaro da abinci mai ƙarfi irin Plumpy'Nut na gyaɗa ko madarar F-100 ranar da aka kawo shi a galabaice. Da madarar F-75, wadda ta fi sauƙi, ake farawa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa, har jiki ya daidaita. Dalilin bai bambanta ba ga budurwarki. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya ƙarar da ajiyarsa ta fosfat da potasiyom da magnesiyom, ko da gwajin farko ya nuna kamar lafiya lau. Da zarar abinci mai sukari ko sitaci ya shiga da yawa, insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin jiki, zai tashi, ya janye ragowar waɗannan sinadarai daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, daga nan sai kumburin ƙafa, da sarƙewar numfashi, da ruɗewa, da rikicewar bugun zuciya. Hatsarin ya fi yawa a kwanakin farko na komawa ga ci. Saboda haka ina roƙonki abu biyu: kada wani ya ɗaura mata ƙarin ruwa mai sukari don kawai an ga ba ta ci, sai idan an auna an ga sukarinta ya faɗi, kuma kada gwaggo ta zo da ƙwaryar fura ta tsare ta sai ta shanye. A fara ba ta bitamin B1 kafin a ƙara abinci, a ci gaba da ba ta.

Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta daɗe da bayarwa ga masu babban hatsari ita ce a fara da abin da bai wuce kalori 10 ga kowane kilo a rana ba, a riƙa ƙarawa cikin kwana 4 zuwa 7. Na san likitocin wannan fanni a yanzu sun fi son a fara da fiye da haka, domin jinkiri ma yana da nasa hatsarin, amma suna yin hakan ne inda ake iya auna jini kowace rana. Idan labo ɗinku ba ya auna potasiyom, to ba wurinku ya kamata ta kwana ba. Yarinyar da ke amai da gangan, tana kuma shan filasko, potasiyom ɗinta yana zuba ta hanya biyu. Ku aika da jininta yau, kuma ku shirya takardar tura ta babban asibitin ƙasa na nan Damagaram, inda za a yi mata gwajin zuciya na ECG. Idan bugun ya sauka ƙasa da 40, ko potasiyom ya gaza 3, ko tansiyo ya faɗi da fiye da 20 idan ta miƙe tsaye, ko ta kasa tashi daga tsugune sai ta dafa, babu sauran jira.

Kafin nan, ga abin da hannunki zai iya. Ki auna bugu da tansiyo a kwance da a tsaye, da zafin jiki, da sukari, har da tsakar dare, domin a lokacin ne bugun ya fi sauka. Ki lulluɓe ta. Awon nauyi sau 2 a mako ya isa, da safe, bayan ta yi fitsari, kafin ta sha komai, da tufafi iri ɗaya a sikeli ɗaya, domin masu wannan ciwo sukan cika ciki da ruwa ko su ɓoye abu mai nauyi a zane kafin awo. Abinci kuwa a raba shi ƙanana sau 6, na gida wanda ta sani: kunun gyaɗa, nono, dafaffen ƙwai, wake, ayaba. Ma'aikaciya ta zauna da ita minti 30 na cin, ba lallashi, ba gori, ba cinikin loma, sannan a zauna da ita awa guda bayan ci ba ta shiga banɗaki ita kaɗai ba. Abin da ta ci a rubuta, abin da ta bari a rubuta. Idan an raba ta da filasko cikinta zai ɗaure na ɗan lokaci, ƙafafu ma suna iya kumbura, to ki gaya mata tun kafin ya faru, don kada ta ɗauka ƙiba ce ta zo.

Ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa

Baba manjo ya gama magana kan abin da ya fi gaggawa, kuma ba ni da abin da zan rage a ciki. Ƙanwata, alamomin da kika lissafa sun yi daidai da anoreksiya, wato cutar ƙin cin abinci, mai haɗe da amai da shan maganin zawo. Kantar bayan hannu daga gogar haƙora take zuwa yayin tura yatsa a maƙogwaro, kuma likitan Ingila Gerald Russell, wanda ya bayyana cutar bulimiya, wato ci da yawa sannan a amayar, a 1979, shi ne aka sa wa alamar sunansa. Ga abokin aikinki mai cewa ciwon Turawa ne: gaskiya ne a Turai aka fara rubuta shi, kuma William Gull a Landan da Charles Lasègue a Paris suka fayyace shi, dukansu a 1873, amma inda aka fara rubuta ciwo ba nan ne iyakarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da cututtukan cin abinci, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara da matasa. A tsibirin Fiji, inda ake son mace mai jiki kamar yadda ake so a nan, binciken Anne Becker ya nuna yadda amai don rage nauyi ya bayyana tsakanin ƴan mata ƴan makaranta cikin shekaru 3 bayan shigowar talabijin a 1995. Ƴan matanmu kuwa TikTok yana cikin tafin hannunsu.

Game da larurar ɗabi'a, ina ba ki shawara kada a rubuta wannan suna a takardarta yanzu. Yunwa ita kanta tana sauya hali. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya gudanar da bincike a jami'ar Minnesota ta Amurka kan maza 36 lafiyayyu da suka amince a rage musu abinci kusan rabi na tsawon wata 6. Sun zama masu saurin fushi da ƙunci, ba su da zance sai na abinci, suna wasa da shi a faranti suna jan lokaci kamar yadda kika ga tana yi da tuwo, har ɗayansu ya sare yatsunsa. Saboda haka halin da kike gani a kilo 39 ba lalle ne shi ne halinta ba. Larurar ɗabi'a ana tabbatar da ita ne idan matsalar ta daɗe shekaru, ta bayyana a gida da makaranta da cikin ƙawaye, kuma kundin cututtuka na ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022, ya fi duba tsananinta, mai sauƙi ce ko matsakaiciya ko mai tsanani, fiye da rarraba mutane gida-gida. Sunan kuma idan ya manne wa yarinya, duk kukan da ta yi nan gaba za a ce halinta ne.

Duk da haka, salon jinyar da ake yi wa masu wannan larura shi ne ya dace da ita, ko an tabbatar ko ba a tabbatar ba. Rabuwar da kuka yi sananniyar aba ce a ɗakunan da ake kwantar da irin waɗannan marasa lafiya. Mutumin da tsoron a yashe shi ya cika masa zuciya yakan ga mutane ko fari fat ko baƙi ƙirin, kuma wadda take Anti yau tana iya zama muguwa gobe idan ta makara da minti 10. Ba makirci take ƙullawa ba. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan tsagewar bangon ita ce ke ƙara firgita ta, domin idan dokar safe ta saɓa da ta dare, ba ta san inda za ta jingina ba. Ku zauna dukanku, har da masu shara da masu gadi idan suna hulɗa da ita, ku rubuta tsari guda a takarda guda: lokutan ci, wa zai zauna da ita, me za a yi idan ta ƙi, yaushe ake ba ta waya. Ku karanta mata, ku ji ra'ayinta, ku ba ta kwafi. A kowane zubi na aiki a sanar da ita wadda ke kula da ita, kuma a ware mata minti 15 na hira a ƙayyadadden lokaci, ko ta yi rigima ko ba ta yi ba, domin ta gane ba sai ta yanki jikinta ake sauraronta ba.

Ke kuma, ƙanwata, nauyin da ke kanki ya fi na mai kwana, domin matsayin wadda aka fi so yana da daɗi. Kada ki ba ta lambarki, kada ki yi mata alkawarin riƙe sirrin da ya shafi ranta, kada ki sassauta mata abin da sauran ba za su sassauta ba. Idan ta ce mai kwana ta tsane ta, kada ki ƙaryata ta, kada kuma ki taya ta. Ki ce da ita kin ga abin ya yi mata zafi, kuma dokar zama bayan cin abinci ta dukanku ce, har da ke. Wannan haɗa amincewa da zafin da mutum ke ji da kuma tsayawa kan buƙatar canji shi ne ginshiƙin hanyar da Marsha Linehan ta jami'ar Washington ta tsara, wadda aka fi gwadawa ga masu cutar da kansu.

Idan kika ga sabon yanka, ki wanke ki ɗaure cikin natsuwa, ba faɗa, ba kuma rawar jiki. Ki tambaye ta kai tsaye, ku biyu, ko tana tunanin kashe kanta, ko ta tanadi wani abu. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. A kawar da reza da magunguna daga kusa da ita, a gaya wa mahaifiyarta ta kulle maganin ƙwari da na ɓera a gida. Wata rana kuma, ba a gaban dangi ba, ki buɗe mata ƙofar magana kan ko wani ya taɓa cin zarafinta, ko ana matsa mata kan aure, ba tare da kin tilasta ta ba. Batun magani na likita ne, amma ki sani babu ƙwayar da ke warkar da anoreksiya ko larurar ɗabi'a. Amitriptilin, ƙwayar ciwon damuwa wadda ta fi samuwa a farmasinmu, tana da hatsari ga zuciya irin tata, kuma tana kisa idan aka sha da yawa. Diyazefam, ƙwayar kwantar da hankali, ita ma ba abin saba mata ba ce.

Ungozoma, Sabon Gari

Ni a ɗakin awo akasin wannan na fi gani: ƴan mata da amare masu shan deksa da siron buɗe ciki don su yi ƙiba kafin biki, su zo da fuska a kumbure da tansiyo a sama, sai kuma masu ciki da ba sa iya rabuwa da farar ƙasa, waɗanda galibi idan aka auna za a tarar jininsu ya yi ƙasa. Don haka ban yi mamakin abokin aikinki ba, ido bai saba ba ne.

Inda nake so in ƙara wa Malam ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne batun dangi. Tsarin takarda guda yana da kyau, amma a asibitocinmu mai jinya ita ce ke kwana a tabarma gefen gado, ita ke dafowa, ita ke raka ta banɗaki, ma'aikaciya ɗaya kuma tana da gadaje da yawa a wuyanta. Idan mahaifiyar ba ta cikin tsarin, to a takarda zai tsaya. Ki zaunar da ita, ki cire mata jin cewa laifinta ne, ki koya mata zaman minti 30 ɗin nan, domin bayan sallama ita za ta ci gaba da shi watanni. Maganar malami kuma kada ku yi jayayya da su, domin idan kuka ce a'a da daddare za su sulale da ita. Ku ce malamin ya zo ya yi mata addu'a a gadonta, da sharaɗin ba duka, ba hayaƙi, ba wani jiƙo mai sa amai ko zawo. Ku kuma roƙe shi ya gaya mata da bakinsa cewa marar lafiya an ɗauke masa ko da azumin Ramadan har ya warke, balle na nafila. Daga bakinsa za ta fi jin wannan, mahaifinta ma haka.

Ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa

Hajiya ta yi gaskiya, kuma abin da ta faɗa shi ne hanyar da aka fi samun nasara da ita ga matasa, wadda aka faro a asibitin Maudsley na Landan: iyaye su karɓi ragamar ciyarwa har yarinya ta iya da kanta. Sharaɗi ɗaya zan sa, a fara jin ta bakin yarinyar ita kaɗai, domin idan abin da ke cin ta yana cikin gidan ne, wanda za a ɗora wa jinyar zai bambanta.

Ma'aikaciyar jinya, Damagaram

Na gode Baba, na gode Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Sakamakon ya fito, potasiyom 2.9 ne, likitanmu ya rubuta takardar tura ta, gobe da safe za a kai ta. Mun yi zaman da Malam ya ce, kuma a nan ne muka gano cewa maganar da take gaya mini game da mai kwana, irinta take gaya wa wata game da ni. Mahaifinta ya yarda malamin ya same ta a asibiti. Sai dai da na sanar da ita batun tafiyar ta fashe da kuka, ta ce na yashe ta kamar kowa, kuma ba za ta sa komai a bakinta a can ba sai idan ni ce zan riƙa ba ta. Shin in riƙa zuwa bayan na tashi daga aiki?

Ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa

Kada ki karɓi wannan sharaɗi, ƙanwata, domin ranar da aiki ya hana ki zuwa, ranar ba za ta ci ba, kuma ma'aikatan can za su zama miyagu tun kafin su san sunanta. Ki gaya mata gaskiya yau, ba gobe a bakin mota ba: ana tura ta ne saboda zuciyarta tana buƙatar awon da ba ku da shi, ba don ta yi laifi ba. Idan manjonku ya amince, ki raka ta cikin aikinki, ki miƙa ta hannu da hannu ga wadda za ta karɓe ta, a gabanta, tare da kwafin tsarin cin abincin da bayanin yankan da filaskon, kuma ki nemi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa su gan ta tun tana kwance. Idan za ki duba ta, ki faɗi rana ɗaya da lokaci, ba lokacin cin abinci ba, ki kuma cika ko ta ci ko ba ta ci ba. Daren yau a sa ido a kanta sosai, a sake duba jakarta da ƙarƙashin katifa, domin daren rabuwa yana cikin lokutan da suka fi yankan jiki. Potasiyom ɗin kuma kada a jira gobe, likita ya fara mayar mata da shi ta baki tun yanzu, a riƙa auna bugun har safe.